Kwamin Wanka A Ɗakin Kwana

A ƙasashen Turai da Amurka wata al'ada ta shigo wajen shirya ɗaki. Masu hali sukan sa a kafa musu kwamin wanka, watau wani babban baho wanda mutum ke miƙewa a ciki ruwa ya rufe shi har wuya, a cikin ɗakin kwanansu, dab da gado, ba bango ba labule a tsakani. Abin ya faro ne daga manyan otal-otal na masu shaƙatawa, daga can ya shiga gidajen attajirai, yanzu kuwa hotunansa sun cika wayoyin hannu. Saurayin da ke zaune gindin darbejiya a Ɗanzomo yana ganinsu, haka nan budurwar da ake shirin kai ta ɗaki a Gumel.

Ba mai cewa gobe za a wayi gari kwamin wanka ya cika ɗakunan ƙasar Sule Tankarkar. Amma ƙanensa ya riga ya iso, shi ne ɗaki mai banɗaki a ciki, wanda galibin masu sabon gini ke ɗokin yi. Saboda haka ya kamata mu da muka koyi karatu mu tsaya mu yi nazari tun da sauran lokaci, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Tambayar ita ce, shin duk abin da ya yi kyau ga ido ya cancanci mutum ya shigar da shi ɗakinsa? In kuwa ba haka ba ne, da wane ma'auni za a auna?

Yadda Magabata Suka Tsara Gida

Mu fara da gidan da muka tashi a ciki. Baƙo in ya zo, iyakarsa zaure. Wanda ya ɗan fi kusa ya wuce ƙofar gida ya tsaya a shigifa. Sai muharrami da mata da yara ke kaiwa tsakar gida, inda ɗakunan mata suke, da turakar mai gida, da murhu, da rumbu. Can kusurwa kuma, inda ido bai cika kaiwa ba, nan ake kewaye wurin wanka da masai, da danga ko zana ko gajeriyar katanga. Kowane abu da mazauninsa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba a yi ta don banza ba.

Harshenmu ma shaida ne. Mukan ce makewayi, domin sai mutum ya kewaya kana ya isa. Mukan ce bayan gida. Kalmar banɗaki kanta daga bayan ɗaki ta fito. In mutum zai je can sai ya ce zai zagaya, ko zai kama ruwa, ba ya faɗin abin da zai kai shi. To, wanda ya ce yana da banɗaki a cikin ɗaki, ya haɗa baya da ciki ke nan a numfashi guda. Wannan bai isa ya zama hujjar hani ba, gama harshe yakan bi zamani. Sai dai yana tuna mana cewa kakanninmu sun ga dalilin raba wurin barci da wurin ruwa, kuma bai kamata mu rushe katangar da suka gina ba sai mun san abin da take tarewa.

Abu uku take tarewa: laima, da wari, da ido. Ginin ƙasa ba shi da maƙiyi kamar ruwa a gindinsa, duk wanda ya ga yadda bango ke zubewa da damina ya san haka. Makewayi kuwa a sarari yake, ba rufi, rana ta duka shi ta busar, iska ta kwashe wari. Mai shiga kuma ya shiga a sakaye, ya fito a sakaye, surukinsa bai ji motsinsa ba.

Asalin Abin A Turai

Wani abin mamaki shi ne, wanka a ɗakin kwana tsohon abu ne ga Turawa, sun bar shi ne suka sake komawa. Kafin a ja ruwan famfo zuwa gidaje, attajiri a Ingila ko Faransa a ɗakin kwanansa ake ajiye masa baho, barori su dafa ruwa su hau bene da shi guga guga, in ya gama su kwashe su sauko da shi. Talaka kuwa a gaban murhu yake wankansa, sau da yawa iyali duka su bi juna cikin ruwa ɗaya.

Cuta ce ta sake musu tsari. A shekarar 1854 wani likita mai suna John Snow ya nuna cewa annobar amai da gudawa da ta auka wa wata unguwa a birnin Landan daga famfo guda take fitowa, wanda ƙazanta ta gurɓata ruwansa. A 1858 warin kogin Tems ya kai har ya addabi 'yan majalisa a zaurensu, sai aka ba da kuɗi aka haƙa wa birnin manyan magudanai a ƙarƙashin ƙasa. Da ruwa ya sami hanyar shiga gida da hanyar fita, sa'an nan aka ware wa wanka ɗakinsa dabam. Ko hakan ma bai game kowa da wuri ba, domin ƙidayar da aka yi a 1951 ta nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na gidajen Ingila ba su da kafaffen kwamin wanka.

Mai karatu ya lura da jerin abin. Sun fara da ruwa, suka bi da magudana, suka yi ɗakin wanka, sai bayan an ƙoshi da waɗannan duka har an gundura, masu neman abin burgewa suka maido da kwami kusa da gado. Hoton da muke gani a waya shi ne ƙarshen tafiyar shekara ɗari da hamsin. Bututun da ke cikin bango, da tukunyar da ke dafa ruwa, da na'urar da ke zuƙe tururi, duk hoto ba ya nuna su. Wanda ya ɗauko kwamin ya baro waɗannan, kamar wanda ya sayo linzami ne ba shi da doki.

Lissafin Ruwa

Yanzu mu yi ɗan lissafi, tun da mun koyi haɗawa da rabawa. Kwamin wanka matsakaici yakan ci ruwa kamar lita 150 kafin ya rufe mutum. Jarkar da 'yan garuwa ke sayar da ruwa a ciki lita 25 take ci, jarka shida ke nan a wanka ɗaya. Nauyin kowace lita kilo ɗaya ne, saboda haka ruwan kwami guda ya kai nauyin buhun gero ɗaya da rabi. Bokitin da muke wanka da shi kuwa lita 10 ya ishe shi, watau ruwan da mutum ɗaya zai kwanta a ciki ya isa mutum goma sha biyar su yi wanka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mafi ƙarancin abin da mutum ke bukata a yini don sha da girki da 'yar tsabta shi ne lita 20. Bisa wannan ƙiyasi, wanka ɗaya a kwami ya cinye ruwan mutum na mako guda da ɗoriya.

Malamai sun karantar da mu cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi alwala da mudu ɗaya na ruwa, ya yi wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar. Sa'i mudu huɗu ne na mudun Annabi, kuma iyakarsa wajen lita uku. Ashe ruwan kwami ɗaya zai yi irin wannan wanka sau hamsin. Littattafan da ake fara karatun fiƙihu da su a zaurukanmu, irin su Ahalari da Risala, sun koyar da taƙaita ruwa wajen tsarki tare da kyautata cuɗawa. Ba su ce sai in ana fari ba.

Mu kuwa ƙasarmu mun san ta. Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar jigawa ce mai rairayi, ba kogin da ke ratsa ta. Damina wata uku ce zuwa huɗu, in ta yi kirki. Rijiyoyinmu masu zurfi ne, gugarsu sai mai ƙarfi, wani wurin sai da dabba. Dattawa ba su manta farin 1973 da na 1984 ba. Gaskiya ne an samu sauƙi da rijiyoyin burtsatse da famfo mai aiki da hasken rana, amma har yanzu a ƙauyuka da yawa ruwan da ke cikin randa a kan wani ya zo, ko a kan amalanke. Wane ne wannan wani? Galibi yarinya ce da ya kamata a ce tana makaranta, ko matar gida, ko almajiri, ko ɗan garuwa mai tura kura cikin yashi. A nan ne maganar ado ta zama maganar hakki. Bature na dā ya sha daɗin wanka a ɗakinsa domin yana da barori masu hawa bene da guga. Wanda zai kwaikwayi wannan a Ɗanzomo ba tare da famfo ba, lalle sai ya mai da wani daga cikin iyalinsa bara.

Hujjar Masu Son Banɗaki A Ciki

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren, domin suna da magana mai nauyi. Suka ce, ku dubi tsohon da ƙafa ta gaza, wanda dole ya ratsa tsakar gida cikin duhu da sanyin hunturu. Ku dubi majinyaci, da mai tsohon ciki, da mai jego. Ku dubi amaryar da aka kawo gidan yawa, wadda kunya ke hana ta fita da buta a gaban surukai har ta cutu. Ku dubi kunama da maciji a gindin danga. Suka ce kuma, makewayi ɗaya ga mutum ashirin ba ya zama da tsabta, shi ne ke kora yara bayan gari.

Duk wannan gaskiya ne, kuma ba al'ada ce za ta sa mu ƙi gaskiya ba. Gidan Bahaushe bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Tun da jirgin ƙasa ya bi ta Gagarawa ya isa Nguru a 1930, kayan waje suke shigowa ƙasar nan, an karɓi kwanon rufi, an karɓi siminti, an karɓi gadon ƙarfe, ba wanda ya ce an bar addini ko mutunci. A shekarar 2022 aka bayyana Jihar Jigawa a matsayin ta farko a Nijeriya da ta kawar da bahaya a fili a ƙananan hukumominta 27, kuma ba a kai ga haka ba sai da mutane suka yarda suka sake wata tsohuwar ɗabi'a. Saboda haka ba mu ce duk sabon abu abin gudu ba ne.

Sai dai a lura, hujjojin nan duka na bukata ne. Sun nuna amfanin kusanto da wurin tsarki ga mai rauni, da yawaita shi a gidan yawa. Ba ko ɗaya cikinsu da ya nuna amfanin kwami a gefen gado. Tsoho mai ciwon gwiwa ma shiga kwami da fita daga ciki hatsari ne a gare shi, gara masa kujera 'yar tsugunne da bokiti. A nan ne iyakar take: abin da ke ɗauke wa mutum wahala dabam, abin da ake yi don a gani a faɗa dabam.

Ina Ruwan Ke Zuwa

Ko banɗakin cikin ɗakin ma yana da sharaɗi, kuma yana da kyau kowa ya san yadda yake aiki kafin ya kira magini. A ƙarƙashin masai irin na zamani akwai wani lanƙwasasshen bututu wanda ruwa ke kwantawa a cikinsa koyaushe. Wannan ɗan ruwa shi ne murfin da ke hana warin rami dawowa. Wani maƙerin agogo a Landan mai suna Alexander Cumming shi ya yi rajistar wannan dabara a 1775. In aka rasa ruwan kora, ko zafin bazara ya busar da na cikin bututu, to murfi ya buɗe, wari da kyankyasai su hau su shigo inda mutum ke barci, inda yake salla, inda jariri ke kwance. Banɗakin ciki wanda ba ruwa ya fi tsohon masai na bayan gida cutarwa nesa ba kusa ba.

Sa'an nan ruwan da aka yi amfani da shi ba ɓacewa yake yi ba. Ko dai ya gangara rami, ko ya bi kwata ya fita lungu. In ya fita lungu, ya zama kwatami a ƙofar maƙwabci, gidan sauro, ya kuma ci gindin katangar wanda bai ji ba bai gani ba. In rami aka haƙa, ma'aikatan lafiya sun ce a nisanta shi da rijiya aƙalla mita 30, kuma ƙasa mai rairayi irin tamu ruwa yana saurin ratsa ta. Ba a daɗe ba, a 2021, annobar amai da gudawa ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Ita ce cutar da ta koya wa mutanen Landan hankali. Mutum yana da ikon ƙawata ɗakinsa yadda ya so, amma ikonsa ya ƙare inda rijiyar maƙwabcinsa ta fara.

Kunya

Saura maganar ido. Masu yabon kwami a ɗakin kwana sukan ce tsakanin miji da mata ba ɓoye-ɓoye. Shari'a ba ta hana wannan ba. Amma ɗakin Bahaushiya ba nata da mijinta kaɗai ba ne. Nan yaranta ke kwana, nan 'yan barka ke zama ranar suna, nan uwar miji ke leƙowa, nan take shimfiɗa dardumarta, Alƙur'aninta yana rataye a bango. Cikin Suratun Nur an ambaci lokuta uku da ake son yara da masu hidima su nemi izini kafin su shiga wa manya, watau kafin sallar asuba, da lokacin hutun tsakar rana, da bayan sallar lisha. Addinin da ya kula da sutura har tsakanin uwa da ɗanta, ya nuna mana cewa a cikin gida ma akwai wurin da ake sakaya. Hoton da ke cikin waya an ɗauke shi ne a ɗakin da mutum biyu kaɗai ke shiga, a gidan da kowane yaro ke da ɗakinsa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Jere Da Bashi

Kada wani ya zaci Bahaushe baƙon ado ne. Matanmu sun daɗe da sanin ƙawata ɗaki. Sun yi daɓe mai sulɓi, sun yi jeren ƙore da faifai masu launi, daga baya tasoshi da kwalla da langa da samira suka hau bango tun daga ƙasa har kusa da azara, kana tangaran da kabad suka biyo. Amma jeren dā yana da wata hikima da ba a cika faɗa ba. Dukiyar mace ne. In bukata ta taso takan ciri kwano biyu ta sayar, in 'yarta ta isa aure ta raba mata, in zama ya ƙi ta kwashe abinta ta tafi. Ado ne, kuma ajiya ne. Kwamin da aka kafe da siminti, da tayil ɗin da aka manna a bango, ba a cire su a kai kasuwar Maigatari ran Alhamis a mai da su kuɗi.

Abin tsoro shi ne yadda ado ke rikiɗa ya koma tilas. Yau mai hali ya yi don yana iyawa, gobe maƙwabcinsa ya yi don kada a raina shi, jibi ya zama ƙa'ida wadda in babu ita ba a ɗaura aure. Mun ga haka ga kayan ɗaki, inda uba ke sayar da saniyar huɗa, ko ya jinginar da gona, don a ce ɗakin 'yarsa ya fi na 'yar wane. 'Yan kallo su yi guɗa su watse kafin magariba, shi kuwa ya kwana da bashi har kaka ta zagayo. Samari da yawa suna zaune ba aure saboda tsadar abin da ake ɗora musu, in aka ƙara musu da sharaɗin gini irin na hoto, an ƙara nisanta su da halal. Wanda ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa. Mai hali kuma ya sani cewa abin da ya kafa a ɗakinsa yana kafa shi ne a zukatan waɗanda ba su da halinsa, shi ma yana da rabonsa na alhaki.

Ma'auni

To, ga ma'aunin da muke gani ya dace, kuma ba ga kwamin wanka kaɗai ya tsaya ba, ya shafi duk wani sabon abu da za a shigar gida. Mutum ya tambayi kansa tambaya huɗu. Wa zai ɗauki wahalar abin nan kullum, ni ko wani? Ina sharrinsa zai gangara, gidana ko gidan maƙwabci? Zai ƙara wa iyalina sutura ko zai rage? Da kuɗina zan yi shi, ko da bashi? Abin da ya tsallake waɗannan huɗu, a yi shi da farin ciki, ko daga Sin ya zo. Wanda ya faɗi ko a ɗaya, a dakata tukuna.

Wanda Allah ya hore wa tanki da famfo, ya yi banɗakinsa jikin ɗaki, da ƙofa mai rufuwa, da taga mai shan iska, da rami nesa da rijiya. Wanda bai kai nan ba, ya gyara makewayinsa, ya daɓe shi da siminti, ya yi wa masai murfi, ya ajiye buta da sabulu ko toka a bakin ƙofa, ya haƙa ɗan rami ya cika da tsakuwa don ruwan wanka ya nutse, in da tsoho a gidan ya kusanto masa da nasa ya sa masa fitila. Wannan bai gaza wancan daraja ba. Ɗakin da aka share, aka yi wa turare, iska na shiga, mai shi kuwa ba wanda ke binsa ko sisi, ya cika ɗaki mai kyau ko da tabarma ce shimfiɗarsa. Daidai ruwa daidai tsaki.

Allah ya ba mu wadatar zuci, ya sa mu san gwargwadonmu. Amin.